Kwanan Kyauta a Otal: A Auna Kafin a Sa Hannu

Tun daga ranar 12 ga Disamba, 1991, lokacin da aka taso da mazaunin gwamnatin tarayya daga Legas zuwa Abuja, wannan birni ya zama garin baƙi, wanda da yawa daga masu kwana cikinsa a kowane dare iyalansu na Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, sun zo ne neman sa hannu a wata ma'aikata, ko halartar taron ƙara wa juna sani, ko bin sawun kuɗin kwangilar da aka yi musu alkawari. Saboda haka babu mamaki idan sha'anin masauki ya ɗauki matsayi a zukatan mutanen Abuja fiye da yadda ya ɗauka a sauran garuruwanmu, har ya kasance otal ɗin Hilton na Maitama, wanda aka buɗe a 1987 da ɗakuna sama da 600, ya zama wata majalisa ta daban inda ake ƙulla al'amura da warware su. A cikin irin waɗannan zauruka ne, a 'yan shekarun nan, wata sabuwar hira ta shigo bakin masu hali da masu neman a ce suna da hali, wato hirar maki da matsayi da katin bashi na otal: wane ya kai matakin Zinariya, wance ɗanta da ke karatu a Amurka an amince masa da kati mai ba da kwanan kyauta, wane kuma ya yi Umra bai biya kuɗin ɗaki ba. Na ga ya dace a tsaya a yi wa wannan mas'ala duba na natsuwa, domin abin da ake yaɗawa a cikinta fa'idarta ce kaɗai, alhali kuwa kowane mizani hannu biyu gare shi.

Da farko sai a rarrabe abubuwa biyu da jama'a ke cakuɗawa. Akwai tsarin sakayya na kamfanonin otal, irin su Hilton Honors da Marriott Bonvoy, wanda kowa ke iya shiga ba tare da ya biya ko kwabo ba, a riƙa rubuta masa maki gwargwadon abin da ya kashe duk lokacin da ya sauka a ɗaya daga otal-otal ɗinsu, in makin ya taru ya musanya shi da kwana. Wannan dabara ta samo asali ne daga kamfanonin jiragen sama na Amurka a 1981, otal-otal suka bi sahu daga 1983. Sa'an nan akwai katin bashi wanda wani banki ke bayarwa ɗauke da sunan otal, kamar yadda American Express ke yi wa Hilton, ko Chase da American Express ke yi wa Marriott, ko bankin Emirates NBD a Dubai. Shi wannan, duk abin da mutum ya saya da shi, ko man mota ne ko magani, bashi ne bankin ya biya masa, kuma a kan wannan bashin ake ba shi maki. Na farkon yarjejeniya ce tsakanin baƙo da mai masauki. Na biyun kuwa ya shigo da mutum na uku, mai ba da rance, kuma duk inda mai ba da rance ya shigo, wajibi ne mai hankali ya rage sauri.

Ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe a saka wa baƙo da masauki domin a riƙe cinikinsa. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja zuwa Salaga neman goro, da dillalan shanu da ke gangarawa unguwar Sabo ta Ibadan, kowannensu yana da maigidansa ko fatomansa, wanda zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa masu saye, ya kuma tsaya masa lamuni idan mahauta suka ɗauki shanu bashi, ba tare da ya nemi kuɗin ɗaki ba, domin abin da yake samu yana zuwa ne ta hanyar la'ada. Falke ya san maigidansa na samun moriya, ya kuma san ta ina moriyar ke fitowa da iyakarta, kuma idan aka saɓa masa akwai sarkin zango da dattawa da za a kai ƙara gabansu. Abin da ya bambanta tsarin yau da wancan shi ne ɓoyuwar lissafin: an nuna wa mutum abin da zai samu da manyan haruffa, an tura abin da zai bayar cikin shafuka masu ƙananan rubutu waɗanda da wuya a sami mai haƙurin karanta su.

To, yaya ake samun amincewa? A Amurka, inda waɗannan katuna suka fi yawa, banki na duban makin amana na mai nema, wanda aka fi sani da FICO, mai farawa daga 300 zuwa 850, kuma ana gina shi ne a kan tarihin yadda mutum ya biya basussukansa na baya, da yawan abin da ake binsa, da daɗewarsa yana mu'amala. Ana kuma neman adireshi a ƙasar, da lambar shaidar zama ko ta haraji, da bayanin abin da yake samu a shekara. Wasu bankunan ma sukan ƙi mutumin da ya buɗe katuna da yawa cikin shekara biyu, kome kyawun tarihinsa. Ke nan mazaunin Gwarinpa ko Asokoro wanda dukan mu'amalarsa a nan gida take, kome yawan dukiyarsa, ba ya cikin waɗanda aka yi tsarin dominsu, sai fa in yana da wata ƙafa a can. A nan ne nake jin tsoron abin da wasu ke yi, na aron adireshin ɗan'uwa, ko sa ɗalibi ya buɗe kati da sunansa domin mahaifi ya riƙa kashewa, ko ƙara wa kai albashi a takardar nema. Wannan ƙarya ce a mu'amala, kuma idan biya ya gagara, sunan yaron ne zai ɓaci a ƙasar da ɓacin suna ke hana mutum hayar gida shekaru bakwai bayan ya manta da abin da aka saya.

A gida Nijeriya, katin da galibinmu ke riƙe da shi na cirar kuɗin da mutum ya ajiye ne da kansa, katin bashi kuwa bankuna sun fi ba ma'aikacin da albashinsa ke shiga ta wurinsu, ko mai ajiya mai nauyi. Amma tubalin tsarin yana nan ana azawa: an fito da lambar BVN a 2014, an kafa dokar tattara bayanan masu cin bashi a 2017, akwai hukumomin ajiye tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, a 2020 Babban Banki ya ba da damar a cire bashin da mutum ya ƙi biya daga duk wani asusunsa a kowane banki, sa'an nan a 2024 gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP domin faɗaɗa bashin masu saye. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai gane cewa abin da yau muke jin labarinsa daga nesa yana tafe, kuma Abuja, garin albashi da otal, ita ce ƙofar da zai fara shigowa ta cikinta. Shi ya sa nake ganin gara a yi maganar tun yanzu.

Abin da ya fi damuna a hirar da ake yi shi ne yadda ake ɗaukar amincewar banki tamkar lambar girma, har mutum ya riƙa nuna katin kamar an naɗa shi sarauta. Haƙiƙanin al'amari shi ne banki ya yi lissafi ya ga cewa zai samu daga gare ka fiye da abin da zai kashe a kanka, kuma samun nasa ta ƙofa uku yake shigowa. Akwai kuɗin shekara da mai kati ke biya. Akwai kason da ake cira daga ɗan kasuwa duk lokacin da aka saya da kati, wanda a Amurka yakan kai kashi 2 zuwa 3 cikin 100, shi kuma ɗan kasuwa ya mayar da shi kan farashi, ta yadda har talakan da ya biya da tsabar kuɗi yana tallafa wa kwanan mai kati ba tare da ya sani ba. Tarayyar Turai ta ƙayyade wannan kaso a kashi 0.3 cikin 100 tun 2015, shi ya sa kyaututtukan katunan can ba su kai na Amurka ba. Ƙofa ta uku, wadda ta fi sauran faɗi, ita ce kuɗin ruwa a kan wanda ya kasa biyan bashinsa duka a ƙarshen wata, kuma a Amurka matsakaicinsa ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara a 2023 da 2024. Wanda yake son ya san girman wannan kasuwa, ya tuna cewa a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe otal-otal, Hilton ya sayar wa American Express maki na dala biliyan 1 tun kafin a buƙace su, Marriott kuma ya karɓi dala miliyan 920 daga Chase da American Express. Banki ba ya zuba irin wannan dukiya a kan abin da zai rabar sadaka.

Adalci ya wajabta in faɗi cewa fa'idodin ba ƙarya ba ne. Mai kati yakan sami matsayi ba tare da ya kwana adadin da ake nema ba, alhali a Marriott, misali, sai mutum ya kwana 25 a shekara kafin ya kai Zinariya, 50 kafin ya kai matakin da ke sama da ita. Matsayin kan jawo karin kumallo kyauta a wasu wurare, da jinkirta lokacin barin ɗaki, da ɗaga mutum zuwa ɗaki mafi kyau idan akwai wanda ba kowa, da kwana na biyar kyauta ga wanda ya biya huɗu da maki. Wasu katunan kuma suna ba da takardar kwana ɗaya kowace shekara. Ga mutumin da sana'arsa ta tafiya ce, wanda dole ne ya kwana a otal wata biyu ko uku cikin shekara ko da kati ko babu, waɗannan abubuwa suna rage masa wahala da kashewa. Kuma na fahimci abin da ke jan zuciyar Musulmi musamman, domin kamfanonin nan suna da otal-otal a Jabal Umar, dab da Harami a Makka, kuma babu wanda zai ga laifin mai burin ya sauke tsohuwarsa inda za ta iya takawa zuwa sallah ba tare da ta galabaita ba.

Amma a ɗora ɗaya hannun mizanin. Kuɗin shekara na ƙananan katunan yakan kai dala 95, na manyan kuwa, waɗanda su ne ke da fa'idodin da ake kwaɗayi, dala 550 ne ko 650. Tun bayan da aka saki Naira a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a dala ta haura 1,500 a 2024, dala 550 a canjin wancan lokaci ta zama kimanin Naira 825,000, wato kusan albashin shekara guda cur na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Wannan kuɗin riƙe katin ne kawai, kafin a sayi kome. Sa'an nan babbar kyautar maki da ake yi wa sabon shiga tana da sharaɗin ya kashe dubban daloli cikin watanni kaɗan na farko, kuma a nan ne mutum ke fara sayen abin da bai yi niyya ba, yana gaya wa kansa cewa tattali yake yi. Wanda samunsa da Naira ne, bashinsa kuma da dala, ya ɗora wa kansa haɗari biyu a lokaci guda, domin ko bai ƙara kashe sisi ba, bashin na iya kumbura cikin dare ɗaya idan canji ya motsa. Waɗanda suka biya kuɗin makarantar 'ya'yansu a ƙasashen waje a 2023 da 2024 ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan.

Shi kansa makin, ya kamata a san cewa ba dukiya ba ce da mutum ya mallaka mallaka tabbatacciya. Kamfanin da ya bayar da shi shi ke yanke ƙimarsa, yana kuma da ikon canza ta ba tare da shawara da kowa ba. A da akwai jadawali da ke nuna makin da kowane ɗaki ke ci. Hilton ya janye nasa a 2017, Marriott ya bi baya a 2022, yanzu farashin maki yana hawa da sauka tare da kasuwa, ta yadda a goman ƙarshe na Ramadan, lokacin da mai burin Umra ya fi buƙatarsa, a lokacin ne ɗaki ke cin maki mafi yawa, in ma an samu. Takardar kwanan kyauta takan zo da iyaka, makin kuma yakan mutu idan asusu ya yi shekara biyu ba motsi. Mu a Abuja mun ga wani misali da idonmu, domin otal ɗin da muka daɗe muna kira Sheraton a Wuse ya fita daga rukunin Marriott ya koma Abuja Continental, kuma daga ranar makin da mutum ya tara bai ƙara saya masa kwana a wannan gini ba. Ba laifin kowa ba ne, haka kasuwanci ya gada, amma ya isa ya nuna wa mai lura cewa abin da ke hannunsa alkawari ne mai sharuɗɗa.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi kome nauyi a wurin mafi yawan masu karanta wannan shafi, wato hukuncin Shari'a. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma abin da malamai suka zartar a bayyane yake. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa mai mazauni a Jidda, a zamanta na 12 da ta yi a Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a bayar da katin bashi ko a yi mu'amala da shi ba matuƙar an gindaya sharaɗin kuɗin ruwa a cikinsa, ko da mai katin ya ƙudurta zai biya kafin wa'adin ya cika. Ta kuma halatta wanda babu wannan sharaɗi, tare da yarda banki ya karɓi ƙayyadadden lada na hidimar da ya yi haƙiƙatan. Hujjarsu ita ce sa hannu a kan sharaɗin riba shiga ne cikin ƙulla ta, kuma ɗan Adam bai mallaki gobensa ba: albashi kan makara, ciwo kan zo, kuɗin kwangila kan maƙale a ofis wata shida. Akwai malaman da suka sassauta wa Musulmin da ke zaune a ƙasashen da rayuwa ke wuya ba tare da kati ba, bisa lalura, da sharaɗin biya a kan lokaci. Sai dai ina roƙon mai karatu ya tambayi zuciyarsa da gaskiya, ko karin kumallo kyauta da ɗaki mai kallon tafki suna shiga babin lalura. Addinin da ya sa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, ta kasance a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu, bai ɗauki cin bashi abin wasa ba, balle a ci shi domin neman ƙawa.

Akwai kuma wata mas'ala da ta shafi Abuja fiye da kowane gari, wadda ban cika jin ana tayar da ita ba, ita ce ta amana. Kaso mai yawa na kwanakin da ake yi a manyan otal-otal ɗin birnin nan, da na tafiye-tafiyen jami'ai zuwa ƙasashen waje, daga baitulmali ake biyansu ko daga asusun kamfanoni da ƙungiyoyi. Idan jami'i ya biya da katinsa, aka mayar masa da kuɗinsa daga ofis, makin ya zauna a asusunsa, na wane ne wannan maki? Abin da ya fi wannan haɗari shi ne lokacin da makin ya fara zaɓar masa masauki, ya tsallake otal mai sauƙin kuɗi ya kai taron ma'aikatarsa inda zai cika kwanakin da suka rage masa ya hau mataki na gaba. Ƙasashe sun bambanta a kan wannan: Amurka ta halatta wa ma'aikatan gwamnatinta riƙe irin wannan sakayya tun ƙarshen 2001, a Jamus kuwa a 2002 wasu 'yan siyasa, cikinsu har da Gregor Gysi, sun ajiye muƙamansu saboda sun yi amfani da makin tafiyar aiki a tafiyar ƙashin kansu. Mu kuma muna da ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani abu da sunan kyautar da aka yi masa, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi inkarin hakan a bainar jama'a, domin ba don aikin ba da kyautar ba ta zo ba. A ganina wajibi ne Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya da majalisun gudanarwar kamfanoni su fitar da ƙa'ida rubutacciya a kan wannan, ko su halatta a sarari ko su hana a sarari, domin mutumin kirki ya san inda ya tsaya.

Hukuncina a kan mas'alar shi ne wannan. Wanda tafiya ta zame masa dole, ya shiga tsarin sakayya na otal ɗin da ya saba sauka, tunda kyauta ne kuma babu rance a cikinsa, ya biya da kuɗinsa na halal, ya karɓi abin da aka ba shi a matsayin rangwame, kada kuma ya tara maki shekara da shekaru yana jiran wata rana. Wanda ke zaune a waje kuma yake duban kati, ya ɗauki alƙalami ya rubuta kwanakin da ya yi a otal bara da kuɗin aljihunsa, ya cire kuɗin shekara, ya ƙimanta kowace fa'ida da abin da zai yarda ya biya da kansa in da sayarwa ake yi, sa'an nan ya kai takardar yarjejeniyar gaban malamin da ya san fiƙihun mu'amala kafin ya sa hannu. Iyaye kuma su ji tsoron Allah game da sunayen 'ya'yansu da ke karatu a waje.

Kira na ƙarshe ga bankunanmu marasa kuɗin ruwa ne, musamman Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, waɗanda dukansu hedikwatarsu na nan Abuja, tsakiyar kasuwar da ake magana a kanta. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta daɗe da fitar da ma'auni a kan katunan banki, bankunan Musulunci na ƙasashen Larabawa da Malesiya kuma sun yi shekaru suna bayar da katuna a kan ƙayyadadden lada. Ku zauna da masu otal na gida da kamfanonin jigilar alhazai, ku fito da kati wanda lissafinsa da Naira yake, sharuɗɗansa a rubuce da Hausa da Turanci a shafi ɗaya, majalisar malamanku ta sa masa hannu, kafin wasu su riga ku kawo wa matasanmu irin wanda muka bayyana a sama.